Kurungu Bai Amsa Sunansa Ba

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a cinya. Na ji abin da kuke faɗa, ku jikokina da ƙawayenku, wai sayar da busasshen kifi ba aiki ba ne, zama ne a inuwa, mutum ya nuna da yatsa a naɗe masa a takarda. To ga ta nan, kuma ba tatsuniya ba ce, don duk wanda ke cikinta na san ƙofar gidansa.

Sunana Ladi, amma daga Kakuri har Sabon Tasha in kuka ce Ladi ba wanda zai juyo. Mama Kifi ake cewa. Ban shiga aji ba, ban taɓa riƙe alli ba. Ina budurwa aka kai ni wurin wata Banufiya, Nna Fati, mai rumfar banda a kasuwar Kakuri. Lokacin masaƙu na aiki ba tsayawa, jiniya na busawa, ma'aikata su fito su cika titi har mai keke ya sauka ya tura.

Aikin farko da Nna Fati ta ba ni shi ne shafa mai. Za ta tsiyaya man gyaɗa a murfin gwangwani, ta miƙo mini gashin kaza guda, ta ce in bi kowane kifi daga kai zuwa wutsiya. In man ya yi yawa, datti ya manne, kifi ya zama kamar daga kwata aka tsamo shi. In ya yi kaɗan, ya zauna a faifai fuska a murtuke, ba mai kallonsa. Daga nan ta koya mini ƙwanƙwasa. Kifin banda, ɗaukarsa ake yi a buga masa farce a gefen ciki a kasa kunne. Mai lafiya da nauyi yake amsawa. Wanda ƙwari suka shiga kuwa kamar ganga yake amsawa, waje kyakkyawa, ciki gari. Irin wannan sai a shimfiɗa shi a kan kwano mai zafi da tsakar rana, a zauna da tsinke ana jiran masu gidan su fito. Akwai masu fesa maganin sauro a kwali don su huta da wannan zaman. Nna Fati ta ce ranar da ta ji warin abin a hannuna, ranar zan koma gidan ubana, kuma a ƙasa zan tafi.

Amma babban kayan aikin rumfar ba faifai ba ne, ba wuƙa ba ce. Wata igiya ce a rataye a bakin rumfa, an zura mata kawunan kifi, kowane iri kai guda. Ga tarwaɗa, ga karfasa, ga bargi, ga yauni, ga giwan ruwa, ga tsage da haƙoransa a waje, ga kurungu da ƙayarsa a ƙeya. Dalili kuwa, a Kakuri ta lokacin duk harshen da Allah ya halitta a ƙasar nan yana da wakili a masaƙa, kuma kowane wakili yana da mata. Mace za ta zo ta faɗi sunan kifi da harshen uwarta, ta tsaya tana kallonka kamar kai ne baƙon. Jikin kifi in ya sha hayaƙi aka naɗe shi, duk sun zama 'yan uwa ɗaya, baƙi ƙirin, wutsiya a baki. Kai ne kaɗai ba ya canzawa. Sai a sauke igiya, mace ta bi kawunan da ido har ta iske nata.

Nna Fati tana da doka ɗaya. A rumfarta ba a ba da gyara sai an biya da suna. Ka gama ciniki ka ce, "Mama, gyara fa?" sai ta riƙe ɗan kifin a sama ta ce, "A garinku yaya kuke ce masa?" In ka faɗa, ni zan maimaita, in yi ta maimaitawa har ka daina dariya, sannan ta sakar maka. Haka na yi karatuna. Tarwaɗa, Bayarbiya ta ce aro, matar Ibo ta ce arira, ɗan boko ya ce katfish, yaran gidan giya kuma suna ce masa poyin-an-kil, wato nuna-a-kashe, ko da ya shekara da mutuwa. Yauni, mu kanmu wasu ɗan sarki suke ce masa, Yarbawa osan, Ibo asa. Bargi in aka yi masa gunduwa-gunduwa aka busar, a bakin Ibo ya zama mangala. Kurungu kuwa, Ibo okpo, mutanen Nna Fati egungi, Yarbawa akokoniko. Wannan akokoniko sai da damina ta wuce kafin ya yarda ya zauna a bakina.

Za ku ce to me ya yi zafi, a nuna mana, a wuce. Ku saurara. Akwai wata mai zuwa cocin Asabar, su ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo a fata. Ba za ta gaya maka ba, ta ɗauka duk duniya ta sani. In ka naɗe mata tarwaɗa ka rabu da ita ke nan, da ita da duk matan cocinsu. Akwai Bayarben da zai zo da jerin kayan aure a ka, dangin amarya sun ce osan, ka ba shi aro ka ce ai duk kifi ne, ya je a zaunar da shi a gaban surukai kamar wanda ya zo da takalmi ƙafa ɗaya. Akwai mai jego da uwarta ta ce ga kifin da za a yi mata farfesu da shi, ba wani ba. Kowane suna da mutum a bayansa, kuma mutumin yana da dangi.

Ana nan ana nan, Nna Fati ta tsufa ta koma Bida, ta bar mini rumfa da igiya. Ban daɗe da karɓa ba masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jiniya ta yi shiru. Matan da suka koya mini sunaye suka ɗaure kaya, wata ta yi kudu, wata ta yi Benuwai, wasu sunayen tun ranar ban sake jin su a bakin kowa ba sai nawa. Bayan haka hanyar Chadi ta lalace, kwalayen banda suka daina zuwa, muka koma sarin na Yauri. A shekarar da ta fi muni har kifin ƙanƙara na sayar, titus da kote, kifayen da ba su da suna a harshen uwar kowa. Yauni da giwan ruwa suka zama sai kallo. Kurungu ne ya riƙe rumfar. Shi kifin talaka ne, rabinsa kai, sauran ƙaya, amma ɗan naman da ke tsakani yana da zaƙi, kuma guda biyu sai su ba tukunya ƙamshi. Masu sayensa 'yan koyon kanikanci ne na garejin bayan kasuwa, kuma a cikinsu ba wanda ya kai wani yaron Ibo, Emeka, da aka kawo wa kawunsa tun bai iya ɗaure wando ba. A hannuna ya girma, da okpo da garin kwaki. Ya gama koyo, ya buɗe garejinsa, ya zama Oga Emeka, ya yi tumbi, amma bakinsa bai bar okpo ba.

Ya auri wata 'yar Bajju daga wajen Zonkwa, Rifkatu, mai ɗinki a Mahuta. Ranar da na fara tambayar ta sunan kifi don gyara, ta ce, "Mama, mu mutanen dutse ne. Kifi a wurinmu iri biyu ne, babba da ƙarami." Na ba ta gyaran don gaskiyarta. Duk mako tana zuwa ta saya wa mijinta kurungu.

To wata safiya ina jera faifai sai ga Rifkatu da jaririnta na fari a goye, ko arba'in bai yi ba. Ba ta yi ciniki ba, ta zauna a bencina.

"Mama, uwar Emeka za ta zo."

Na ce, "Madalla. Allah ya kawo ta lafiya."

"Ba madalla ba ce, Mama. Tun farko ba ta so auren nan ba. Ko bikin ba ta zo ba, ta ce ƙafa ke mata ciwo. Yanzu ta ce za ta zo ta ga jikanta, ta ga kuma hannun da ke ciyar da ɗanta. Jiya ta bugo waya ta ce a tambaye ni ko na san dokar gidansu. Wai akwai kifin da 'yan ƙauyensu ba sa ci. In ya taɓa shiga tukunyata, ba za ta ci abincina ba, kuma macen da ta ba ɗanta shi ba matar gidansu ba ce."

"Wane kifi?"

"Ada-iyi."

Na juya sunan a baki, na bi igiyata da ido daga sama har ƙasa, ba kan da ya ɗaga. Na ce, "Shi Emekan me ya ce?"

"Ya ce in kwantar da hankalina, shi ma bai taɓa ganin sa ba, sunan kawai yake ji tun yana yaro. Ya ce irin wannan babban kifi ba zai zo Kaduna ba. Ya juya ya yi barci."

Na bar wa maƙwabciyata rumfa, muka shiga layin matan Ibo masu agushi da ogbono. Na faɗi sunan. Babbarsu ta ce, "Mama Kifi, wannan ba sunan kasuwa ba ne, kirari ne. Ma'anarsa 'yar rafi. Kowane ƙauye da tasa 'yar rafin. Ta wasu kifi ce, ta wasu kunkuru, tamu mesa ce. Sai kin samu ɗan ƙauyen." Rifkatu ta faɗi sunan ƙauyen mijinta. Aka yi ta kiran wannan ana kiran waccan, ba ko ɗaya. Daga ƙarshe wata ta ce akwai wani tsoho, Pa Okoro, mai gadi a Kudenda, ƙauyensu na ƙetaren rafin ne, suna kallon juna.

Na sauke igiyata na naɗe a zane, muka hau Keke mai ƙafa uku. Igiyar nan ta girme ku duka, kuma tana da warinta. Wani mai farar riga da ke gaba ya juyo ya ce, "Hajiya, abin da ke cikin zanen nan an sanar da danginsa?" Na ce masa dangin muke nema. Ya sauka tun bai kai inda za shi ba.

Pa Okoro tsohon ma'aikacin masaƙa ne, Hausarsa ta fi ta wasunku. Idonsa ya yi yana, ba ya ganin nesa, amma kamfanin da yake gadi shi ma ya daina aiki, ba abin da za a gani. Muka gaisa, na shimfiɗa igiya a kan bencinsa. Ya shinshina ya ce, "Hajiya, miya kika kawo mini ko maƙabarta?"

Rifkatu ta durƙusa ta ce, "Baba, taimako muka zo nema." Ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi sunan kifin.

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Mutanen nan. Rafi ɗaya muke sha da su. Su suna durƙusa wa kifin, mu muna zuba masa barkono. Wai zamanin yaƙi kakansu yana barci a bakin ruwa, maƙiya na tahowa, kifin ya yi kuka ya tashe shi. Mu ne maƙiyan, 'yata. Har yau ba mu yafe wa kifin ba."

Ya miƙa hannu ya fara laluben kawunan ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa tarwaɗa ya wuce. Ya shafa bargi ya wuce. Ya taɓa haƙoran tsage ya ce wannan ba ya kuka, shi ke sa a yi. Ni dai tun da ya ambaci kuka na san inda hannun zai tsaya, don duk mai kifi ya san wanda ke gurnani in an fito da shi daga ruwa. Hannun ya zo kan ƙaya, ƙayar ta soke shi. Ya tsotsi yatsa, ya kumbura maƙogwaro ya yi kurr, kurr.

Ya ce, "Ga 'yar tasu. Okpo ne. Su kaɗai ke ba shi sarauta."

Rifkatu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Baba, in mutum ya ci, me ke samun sa?"

"Su dai sun ce maƙogwaronsa zai riƙa gurnani kamar na kifin, da shi da 'ya'yansa."

Ta juyo ta kalle ni. "Mama, Emeka yana minshari. Maƙwabta har sun yi magana." Ta kwanto jaririn ta kara kunne a ƙirjinsa. "Wannan ma yana yi."

Pa Okoro ya ce, "Ni tun ina da haƙoran nono nake ci. A gidana matata ce mai minshari, ita kuwa ko warin kifi ba ta so."

Wannan bai shiga kunnen Rifkatu ba. A Keke ta kama hannuna ta ce kada Emeka ya ji, don shi in ya san abu fuskarsa ke fara faɗa kafin bakinsa. Na ce na ji. Na ce zan ɓoye kwandon kurungu a ƙarƙashin tebur har baƙuwa ta tafi, kuma ba zan fara magana ba. Amma in aka tambaye ni, abin da na sani zan faɗa, don da shi nake cin abinci. Ta je gida ta wanke tukwanenta da toka, ta sake wankewa da yashi, wadda ta fi shan kurungu ta ba mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Emeka ya tambayi okpo ɗinsa, ta ce ya yanke a kasuwa.

Maman Emeka ta iso. Gajeruwa ce, kakkaura, ɗankwalinta ya fi kanta girma. Ba ta taɓa zuwa Arewa ba sai lokacin. Kwanaki suka wuce tana cin miyar mangala da farfesun asa daga hannun Rifkatu, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba, amma kwano yana komawa wanke-wanke ba saura. Jaririn kuma tun da ta karɓe shi ba ta mayar ba sai in zai sha nono.

Sai dai babu uwar Ibo da za ta yarda wata ta yi ta zaɓo mata kifi har ta koma. Wata rana da hantsi sai ga su, ita a gaba da jikan a goye, Rifkatu a baya da kwando. Na gaishe ta da ɗan Ibon da na tara, ta amsa, ta ɗan saki fuska. Muka shiga ciniki da buroka, Turancin kasuwa. Ta ɗauki asa ta ƙwanƙwasa da farce ta kasa kunne. Na ce a raina wannan ta san aiki. Ta ɗaga kai ta ga igiya, ta bi kawunan da ido, ta iso kan mai ƙaya, ta ɗan rusuna masa kamar mai wuce babba a hanya, ta kau da kai.  Ta ɗauka ado ne.

Har mun kusa gamawa sai ga Oga Emeka daga gareji, hannu duk baƙin mai, ya hango uwarsa ya taho yana washe baki.

Ya ce, "Mama Kifi, ga uwata, ga uwata. Yau kun haɗu." Ya juya ya yi wa tsohuwar bayani da Ibo, ya dawo kaina. "Na ce mata ke kika raine ni a garin nan. Wai okpo ya yanke? Ke da ba kya rabuwa da shi? Na san inda kike ɓoye wa manyan kwastomomi."

Na ce, "Emeka, hannunka da mai."

Ya ce, "Ba komai, a gefe zan kama."

Ya sunkuya ya jawo kwandon daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora a kan faifai, ya yaye buhun da na rufe da shi. Ya zaɓi mafi girma ya miƙa wa uwarsa da hannu biyu, yana gaya mata, da Ibo da Hausa a haɗe, cewa wannan shi ne abin da ya riƙe shi a Kaduna, kuma ba mai dafa shi kamar matarsa.

 Mai tattasai da ke gefena ta tsaya da mudu a hannu. Kwandon Rifkatu ya faɗi, albasa ta gangara, ba wanda ya bi ta.

Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ta faɗi kalma ɗaya, a hankali. Sunan nan ne, Ada-iyi. Na ga bakin Emeka ya rufe, ya kalli kifin, ya kalli uwarsa, ya sake kallon kifin kamar yau suka fara haɗuwa. Ya rasa inda zai ajiye shi, ya ci gaba da riƙewa.

Daga nan ta daina buroka. Ta ce wa ɗanta ya tsaya tsakani ya juya magana, don maganar ta fi ƙarfin buroka. Haka Oga Emeka ya zama tafinta a shari'ar kansa.

Ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, wai tun yaushe nake ci."

Na ce, "Gaya mata tun kafin ka yi gemu."

Ya juya. Ta sake magana.

"Wai wa ya fara ba ni."

"Gaya mata ni. Kai ka nuna da yatsa, ni na naɗe."

"Wai matata fa."

"Gaya mata yarinyar nan ta zo gidanka ba ta san kifi ba sai babba da ƙarami. Kai ka kawo ta rumfar nan ka ce ga wanda kake so."

Ya tsaya. Na ce, "Juya mata duka, Emeka. Ina jin Ibo daidai gane in an rage." Ya juya duka.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ɗanta. Jaririn ya motsa a bayanta ya yi ɗan gurnaninsa, ta jijjiga shi ba tare da ta waiwaya ba. Sannan ta tambayi daga wane ruwa kifin ya fito.

Nan ne aikin yake, ku da kuke cewa zama ne a inuwa. Da na ce Chadi, da magana ta ƙare, don ruwan Chadi ba ya haɗuwa da nasu. Amma bandar Chadi baƙa ce, ta Yauri tana da ja-ja, kuma wanda ke hannun Emeka ja ne. Na ce, "Gaya mata na Yauri ne, daga kogin Kwara."

Rifkatu ta rufe ido. Tsohuwar ta san Kwara, don rafinsu a cikinsa yake zubawa. Ta tambaya ko Yauri tana sama ne ko tana ƙasa. Na ce tana sama, can nesa, ruwan daga wurinsu yake gangarawa zuwa wurinku. Ta tambaya ko kifi yana hawowa. Na ce ni a busasshe nake saninsu, ban taɓa bin su a ruwa ba.

Ta kwance bakin zanenta ta naɗe hannu da shi, ta karɓi kifin daga hannun ɗanta. Ta ɗaga shi daidai fuskarta. Ta kira shi da sunan ƙauyensu, da murya irin ta kiran yaro daga bayan gida. Ta jira. Ta sake kira. Ta kara shi a kunne, ta jira. Kasuwa duk ta jira tare da ita. Bai amsa ba. Ni shaida ce, ina tsaye a wurin.

Ta juyo gare ni da buroka ta ce, "Ku yaya kuke ce masa?"

Na ce, "Kurungu."

Ta gwada, ya fito kurungwu. Na gyara mata, ta sake, har mai tattasai ta daina murmushi. Sannan ta yi doguwar magana da Ibo, Emeka na juyawa yana share gumi da hannun mai har goshinsa ya yi baƙi. Ta ce wannan yana hanya ne aka kama shi, bai iso rafinsu ba, ba a raɗa masa suna ba, bai san kakansu ba, kakansu bai san shi ba. Ta ce Bahaushe ne, kurungu ne. Ta ce amma daga yau, in yana kan wuta, kada wanda ya ambaci wancan sunan a gidan, kada ya ji ya tuna inda za shi. Ta ce shi kuma Emeka, da ya kai wannan girma bai san fuskar 'yar rafinsu ba, in ya zo gida Kirsimeti akwai akuya a wuyansa, kuma shi zai ja ta da kansa a gaban kowa.

Ta sunkuya ta ɗauki kwandon da ya faɗi, ta sa kifin a ciki, ta miƙa wa Rifkatu. Ta kira ta da kalmar da suke kiran matar ɗa da ita. Rifkatu ba ta gane ba, sai da babbar masu agushi ta zungure ta ta ce, "Ke ake kira. Amsa."

Ana gobe za ta koma, da rana tsaka kasuwa ta yi sanyi, sai ga tsohuwar ita kaɗai, ba jika, ba kwando. Ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta zagayo bayan rumfa ta zauna a bencina. Ta ce a gidan ɗanta kowa yana cin kifin, ita ce kawai ba ta sa hannu ba, don yara na kallo. Ta nuna kwandona da haɓa ta ce, "Kurungu." Sunan ya zauna daidai a bakinta.

Na ce ko in ɗaure mata ta tafi da shi. Ta ce a'a, in ya haye gadar Kwara ya zama ɗan'uwa. A nan za a yi.

Na zaɓo mata mai kyau, na ɓare ƙayar, na ɗuma shi a garwashin mai masara, na barbaɗa yaji. Ta juya wa hanya baya. Ta ci a hankali, ta tsotse kan, ta suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe ƙasusuwan a takarda ta ba ni in jefar da hannuna.  Sannan ta goge baki da gefen ɗankwali ta ce, "Mutanen ƙetaren rafinmu mugaye ne. Amma a kan zaƙin kifin nan, ba maƙaryata ba ne."